Yumɓu a Aljihun Alhaji Idi

Kun ce in faɗa ku rubuta. To ku gyara zama, don zancena ba na tsaye ba ne.

Ni ce Dije, wadda mutanen Matameye suke ce wa Dije Mai Tausa. Ban taɓa shiga lakwal ba, makarantar bokon nan, ko sunana aka rubuta a bango sai in wuce shi ban gaishe shi ba. Amma daga nan har Tsauni, har Dawce, da wuya ku sami gidan da ɓarin jikin wani ya shanye, ko aka kwance wa wani ɗori, wanda ban san hanyar madafarsa ba.

Kun taso daga Damagaram da wannan abu naku mai kama da agogo, wanda ake ɗaura wa majinyaci a wuyan hannu, yana lura da motsin da ya yi, yana kai wa likita labari ta salula. Na juya shi na ga kyansa, Allah ya yi wa hannun da ya ƙera shi albarka. Sai dai na ji ɗayanku, wannan mai gilashin, yana cewa abin mai sauƙi ne: agogo ya ƙirga, likita ya gani, majinyaci ya ji kunya ya yi aikinsa. Ɗana, kunyar nan da ka jingina da ita, ita ce za ta fara cin agogon naka. A gidan farko da kuka kai shi, kafin la'asar yana hannun mai daka, likita na can yana murna wai tsoho ya warke. Zan ba ku labarin hannun Alhaji Idi, amma bari in fara gaya muku inda na samo nawa.

Aikin farko da na sa hannu a kai, gwiwar wata mata ce mai sayar da nono, da ta faɗo daga kan jaki. Maɗori ya yi nasa, ƙashi ya haɗe, aka kwance karan, sai ga ƙafa ta miƙe sambal kamar taɓarya, ta ƙi lanƙwasa. Ko zaman salla ba ta iyawa. Aka kawo ta wurin Gwaggo Tabawa, ƙanwar babana, wadda ta riƙe ni tun ina ƴar ƙarama. Kayan aikin Gwaggo ba su cika faifai ba: man kaɗe a ɗan kasko, tsumma, tukunyar ruwan zafi, sai yatsunta. Ta ɗumama gwiwar, ta shafa mai, ta ɗora hannuna a wurin ta ce in rufe ido in gaya mata abin da na ji. Na ce na ji ƙashi. Ta ce ko kare ya san ƙashi, in sake nema. Haka muka yi ta yi har na gane wata jijiya da ta ɗaure tamau a bayan gwiwar.

Gwaggo ba ta koyarwa da baki. In Babbar Salla ta zo, kafin a sa ƙafar rago a tukunya sai ta miƙo mini, in buɗe gaɓar in rufe, in ga wace jijiya ke ja, wace ke saki. Ƴan'uwana suna cin soye, ni ina nan da ƙafar rago. Da yamma kuma ƙafafunta nake matsawa, in na danna da ƙarfi ta ce so nake in gaje ta, in na sassauta ta ce ko ƙuda ya fi ni nauyi. Na shekara da yawa a haka kafin ta bar ni in shiga gidan mutane ni kaɗai. Allah ya kai haske kabarinta.

Rabin sana'ata ke nan. Ɗaya rabin na same shi da furfura a kaina. Wata maƙwabciyata hawan jini ya kayar da ita, aka kai ta asibiti a Damagaram, na bi ta jinya don ba ta da ɗiya mace. A can na haɗu da likitar motsa jiki, wadda suke ce wa kine, Madam Rakiya. Ta ga yadda nake tallafe kafaɗar maƙwabciyata in zan tayar da ita, ta tambaye ni wa ya koya mini. Daga ranar ta riƙa ajiye ni kusa da ita. Ita ta nuna mini cewa jikin da ba ya jin zafi ba a yi masa gashi da ruwan zafi, don zai ƙone mai shi bai sani ba. Ita ta nuna mini ba a jan shanyayyen hannu daga yatsu, kafaɗa ce ke gocewa. Babban abin da ta dasa mini shi ne, tausa kaɗai ba ta tayar da hannun da ya kwanta. Sai mai shi ya motsa shi da kansa, yau da gobe, a gida, inda babu likita. Gwaggo ta koya mini in yi wa mutum. Wannan yarinya ta koya mini in sa mutum ya yi wa kansa, kuma na biyun ya fi wuya nesa ba kusa ba.

Damuwar Madam Rakiya ita ce, takan sallami mutum da takarda mai zanen yadda zai motsa, ta ba shi randebu, wato ranar da zai koma. Hanya da nisa, mota da tsada, wani ya koma, wani bai koma ba. Wanda ya koma kuwa, ta ce yaya jiki, ya ce da sauƙi. Ta ce ana motsawa, ya ce ana yi, alhamdulillahi. Kun san mu. Bahaushe ko ana yi masa kalmar shahada, ka ce yaya jiki, da sauƙi zai ce maka. Ba ƙarya ba ce, ladabi ne. Amma likita ba ta iya aiki da ladabi. Sai ta fara turo mini mutanen yankinmu, in riƙa leƙa su a gida.

Na haɗa kayana da abin da ke akwai. Igiya a rataye a azara, da ƙarfen nan mai juyawa na bakin rijiya da masu lambu ke ce wa puli, hannu mai lafiya ya ja, maras lafiya ya tashi sama. Kara biyu a kafe a tsakar gida, mai koyon tafiya ya dafa. Na yatsu kuwa, ƙwarya biyu da wake, a tsince daga wannan a zuba a waccan. Waken nan ya yi mini aiki ƙwarai, har shekarar da ruwa ya ɗauke gero yana cikin ciki. Ba sai na ba ku labarinta ba, iyayenku sun sani. Maza suka watse ci-rani, aka bar tsofaffi da mata. Na je Icirnawa wurin wani tsoho da na bar wa ƙwaryar wake, na tarar da ƙwarya wayam. Surukarsa ta sunkuyar da kai ta ce yara ne suka kwana biyu ba a ɗora tukunya ba. Me zan ce? Na ce Allah ya sa ya yi musu amfani. A shekarar nan gidaje da yawa ban koma ba, don wanda bai ci ba ba a ce masa ɗaga hannu. Wasu hannuwan da na fara a lokacin sun tafi ke nan, ba su dawo ba.

Amma shekarar nan ce ta sa na nemi abin da ba a ci. Bayan gidanmu akwai masu ginin tukwane. Wata rana na ga ɗayarsu tana cuɗa yumɓu, na ce ta ɗan gutsuro mini. Na matsa, na ji yana amsa hannu kamar tuwo. Na kai wa wata tsohuwa, na ce ta riƙa cuɗa shi bayan kowace salla, tana ɗan yayyafa masa ruwan buta. Na raba wa wasu ma. Da na koma sai na ga wani abu da ban yi tsammani ba. Wanda ya cuɗa nasa, yumɓun yana nan laushi. Wanda ya ajiye, zafin garin nan ya mayar da shi dutse. Ba sai na tambayi kowa ba. Na ce to, Dije, kin sami ɗan rahoton da ba ya cin abinci. Na gaya wa Madam Rakiya, ta yi dariya har da tafi. Wannan dabara tawa ce, ban aro ta wurin kowa ba, ku rubuta haka.

Alhaji Idi mai rake, shi ne aikin da nake so ku ji. Yana sayen rake a lambunan Tsauni yana lodawa zuwa Damagaram. Ba wani hamshaƙi ba ne, amma ƙofar gidansa sananniya ce, don tun yana saurayin magidanci, bayan magariba, maƙwabta ke fito da akusansu su zauna a tabarmarsa a ci tare. Shi ke fara sa hannu, shi ke tura wa baƙo nama gabansa. Wata safiya ya tashi zai ɗauki buta, buta ta faɗi. Ɓarin dama. Ƙafar ta dawo da wuri, baki ya daidaita, hannun ne ya ƙi. Yatsu suka dunƙule a cikin tafi kamar mai ɓoye goro.

Da aka sallamo shi, Madam Rakiya ta kira ni ta salular ɗana. Ta ce akwai rai a hannun, yatsu suna ɗan amsawa, amma watannin farkon nan su ne kasuwar. In aka bar shi ya sandare, shi ke nan.

Na je na tarar da mutum ya rame. Matarsa, Hajiya Balki, ta ja ni gefe ta ce ba ya cin abinci sai ta matsa masa, ita ke ba shi da cokali, a ɗaki, ƙofa a rufe. Tabarmar ƙofar gida kuwa an naɗe ta. Maƙwabta sun zo sun roƙe shi ya fito ko da zama ne, ya ƙi. Limamin unguwa ya zo da kansa ya gaya masa lalura ta halatta ci da hagu, babu laifi a kansa ko kaɗan. Alhaji ya ce ya sani, Allah ya yafe masa, amma shi Idi ba zai tsoma hagu a akushin da mutane ke ci ba, kuma ba zai zauna a gabansu a ba shi a baki ba. Ran da dama ta iya yanko tuwo ta kai baki, ran nan zai fita. In ba ta iya ba, to ya gama cin abinci da mutane a duniya.

Na ba shi yumɓu, na nuna masa. Ya dube shi ya dube ni, ya ce da girmansa zai koma wasan ƙasa? Na ce ba wasa ba ne, loma ce, hannun da ya iya wannan ya iya tuwo. Na kuma gaya masa, da alfaharina, cewa in bai taɓa shi ba zan sani, Madam ma za ta sani.

Duk zuwan da na yi, yumɓu laushi kamar man shanu. Yaya jiki, da sauƙi. Ana cuɗawa, ana yi. Amma in na kama hannun in buɗe, sai in ji ya fi na wancan zuwa tauri. Yumɓu na cewa gabas, yatsuna na cewa yamma. Rannan na ɗauki curin na fita da shi haske. Sawun yatsun da ke jiki sirara ne, kuma a gindin ɗaya akwai ɗan zagaye, sawun zobe. Alhaji ba ya sa zobe.

Na bar shi a ɗaki, na bi Hajiya Balki madafa, tana tuƙa tuwo. Na ce, "Hajiya, zoben nan naki yana da kyau. Har yumɓu ya so shi."

Ta tsayar da muciya. Ta ce, "Dije, ke ba ki gan shi ba in yana gwadawa. Gumi yake kamar mai haƙar rijiya, abin ko lotsawa ba ya yi. Mutumin da ya ciyar da gidan nan da rabin unguwa, in tsaya ina kallo laka ta fi ƙarfinsa? Sannan ki zo ki tarar ya bushe, ki kai Damagaram a ce Alhaji rago ne?"

Ban ce mata ta yi laifi ba, don ba ta yi ba. Haka aka rene mu. Majinyaci a wurinmu ba ya ɗaga tsinke. Ya miƙa hannu zai ɗauki moɗa, a riga shi. Ya sunkuya zai sa takalmi, ƴaƴa uku su duƙa. Matar da aka ga mijinta maras lafiya yana fama da wani abu tana zaune, sunanta ya ɓaci har garinsu. Da ƙauna muke kashe hannun, ba da mugunta ba. Alhaji kuwa yana sane da abin da take yi, ya yi shiru don ya rufa mata asiri, ita tana yi don ta rufa masa. Yumɓun nawa da nake taƙama da shi, tunda ya zama ɗan rahoto, gida ya haɗa kai ya toshe masa baki.

Na koma wurin masu tukwane na ce su tace mini wani, su cire tsakuwa, ya yi laushi kamar ƙullun ƙosai da ya ɗan kama jiki. Na rage girmansa ya koma kamar ƙwan zabo. Na kai wa Alhaji na ce, "Daga yau ba na duba wannan, ba na tambaya, ba na kai labarinsa ko'ina. Naka ne. In ka ga dama ka jefi kaji da shi."

Ya ce, "To in ba dubawa za ki yi ba, me zai kawo ki gidan nan?"

Na ce tausar kafaɗa, da furar Hajiya. Ranar ce na fara ganin haƙoransa.

Saura wata matsala, ƴan dubiya. Mutum irin Alhaji, daga hantsi har la'asar ɗakinsa ba ya rabuwa da mutane. Na Tsauni su tashi, na kasuwa su zauna, kowa da addu'arsa, kowa kuma sai ya ce Alhaji a huta, kada a wahalar da jiki. Shi kuma ya tura hannun cikin riga ya ɓoye. Yaushe zai cuɗa? Na ce a riƙa cewa yana barci. Ya ce wanda ya tako don Allah ya zo duba shi, ba za a mayar da shi daga ƙofa ba. A nan Hajiya Balki ta biya bashin zobenta. Ta ɗauki rigunansa ta ɗinka wa kowace ɗan aljihu daga ciki, ta ɓangaren dama, daidai inda yake ɓoye hannun, ta shimfiɗa masa leda. A naɗe yumɓu a ɗan jiƙaƙƙen ƙyalle a sa a ciki. Sai ga Alhaji yana amsa amin, amin, hannu yana aikinsa a ƙarƙashin riga, babu wanda ya sani. Yawan ƴan dubiya ya koma yawan aiki. Wannan dabarar tata ce, ita ma ku rubuta.

Na cika alkawarina, ban duba ba. Har wata rana ina shiga ya ce, "Ke da ba ki dubawa, zo ki gani." Ashe Hajiya na shara ta zaƙulo wani tsohon curi a ƙarƙashin gado, na farkon nan, wanda ya yi jifa da shi don haushi. Ya bushe da sawun hannunsa na lokacin, ɗan shafe kawai, kamar kaza ta taka. Ya ajiye shi kusa da na ranar, wanda yatsu uku suka nutsa a ciki har ana ganin gaɓa. Ya ce duk shekarunsa a kasuwa bai taɓa yarda da ribar da aka gaya masa da baki ba, sai wadda ya riƙe. Kowa na ce masa jiki ya yi kyau, ya ɗauka ladabin nan namu ne. Wannan kuwa ba wanda ya gaya masa.

Daga nan shi da kansa ya tsiro da abin da har yau nake koya wa mutane. Duk Juma'a, kafin masallaci, sai ya damƙi sabon curi da iyakar ƙarfinsa, ya ajiye ya bushe, ya jera a cikin wata tsohuwar akwati a ɗakinsa. Makullin yana wuyansa. Wanda ya ga dama ya nuna wa.

Kada ku ɗauka daga nan sai daɗi. Abin da ke nuna maka ka ci gaba, shi ne ke nuna maka ka tsaya. Da sanyi ya shigo, curin wannan Juma'a da na waccan da na gaba suka zama kamar tagwaye. Ya gwada tuwo a ɗaki, ya yanko, ya kai kusa da baki, yatsu suka ƙi saki, loma ta maƙale a tafi ta dame. Ya ture akushin. Hajiya ta aiko a kira ni, ta ce ya koma gidan jiya, aljihu ma ya hana a sa komai. Na yi tausata, na yi lallashina, abin ya fi ƙarfin sanina. Na ce masa ni dai iyakata ke nan, amma akwai wadda ta fi ni, in zai yarda ya nuna mata. Ya yi kwanaki yana juya maganar. Ran randebu ya sa aka naɗe curukan a tsohon rawani, ya riƙe a cinyarsa har Damagaram.

Madam Rakiya ta jera su a teburinta tana dubawa ɗaya bayan ɗaya. Ta ce ƙarfin damƙa ya isa, ya ma yi yawa, mun yi ta koya wa hannun kamawa alhali abin da ya rasa saki ne. Ta ce a bar dunƙulawa. A faɗaɗa yumɓun kamar masa a kan faifai, ya ɗora tafi ya yi ƙoƙarin ware yatsu, ya tura su waje. Abin da za a riƙa dubawa yanzu shi ne faɗin sawun, ba zurfinsa ba. Ni da zan shekara ina kallon curukan nan ba zan ga wannan ba. Shi ya sa nake gaya muku, sana'ar nan ba ta mutum ɗaya ba ce. Sabon jeri ya fara a akwati, kuma a wannan karon sawun ya riƙa buɗewa kaɗan-kaɗan, kamar ganyen kabewa.

To ku da agogonku, ban ce ku jefar ba. Yana ganin abin da yumɓu ba ya gani, ba ya bushewa, kuma likita na nesa za ta amfana. Abin da nake roƙonku, ku tambaye shi wa yake yi wa magana. In kan majinyaci yake tsallakewa ya kai ƙara, gida zai san yadda zai yi da shi. Ku sa ya fara nuna wa mai hannun, da abin da wanda bai yi lakwal ba zai gane da ido ɗaya. Ku bar shi ya zaɓi ranar da zai nuna wa likita. Ku yi shi yadda zai ɓuya a riga, kada ya yi ƙara a gaban baƙi. Ranar da ci gaba ya tsaya, ya zama akwai mutum mai rai da zai ce ga wata hanya. Kuma kafin ku ɗaura wa kowa, ku shiga madafa ku gaida matar gida.

Hannun Alhaji bai dawo duka ba. Ƙananan yatsu biyu sun zauna a lanƙwashe har yau. Uku ne suka amsa, babba da manuni da na tsakiya. Rani ya fara shigowa, wata rana da la'asar ina gidan, ya aika a gaya wa Hajiya ta tuƙa tuwo da ɗan tauri, a kuma shimfiɗa tabarma a ƙofar gida. Hajiya ta so ta yi miya mai kauri wadda ba ta zuba. Ya ce miyar kuka, yadda aka saba, ba ya son a gane an yi masa sassauci.

Mu mata ba ma zama can. Bayan magariba ni da Hajiya muka tsaya daga cikin zaure, bayan asabari, muna ji. Mun ji an ajiye akusa, mun ji bisimilla, sannan shiru. Shirun nan na mutanen da kowa ya sa ido a gabansa don kada a ce yana kallo. Hajiya ta kama gefen zanena ta murɗe. Can sai muryar Malam Habu, taubashinsa, wanda tun suna yara ba su raga wa juna ba.

"Kai Idi, ashe duk watannin nan ɓuya ka yi kana tara yunwa? Da yatsa uku ka yi mana wannan ɓarna, ina ga an sako maka sauran?"

Muka ji Alhaji ya ce, da baki cike, "Ci naka, Habu. Gaban nan nawa ne."

Dariya ta tashi, aka shiga hirar farashin rake. Na ɗauki takalmana na tafi gida.

Washegari da hantsi sai ga Hajiya Balki a gidana, ita da ba ta cika fita ba, da wani abu a naɗe a ƙarƙashin mayafi. Ta warware a tsakar gida. Farar rigar Alhaji ce, gabanta duk miyar kuka, daga wuya har ciki, har da busasshen tuwo a bakin hannun dama. Ta ɗaga ta da hannu biyu tana nuna mini, kamar mai nuna kayan lefe.

Na ce to a kai wa mai wanki mana, kafin ta kama.

Ta ce, "Wa? Wannan ni zan wanke ta. Amma ba yau ba."